Nazarin lamari: yadda Microsoft ya miƙa wa katin netwok aikin TCP, daga baya ya karɓe abinsa

A watan Maris na 2008 kamfanin Microsoft ya fitar da wata sabuntawa mai lamba KB948496 ga masu amfani da Windows Server 2003. Ba ta zo da sabon abu ba. Aikinta ɗaya ne tak: ta kashe wasu fasahohi uku da kamfanin da kansa ya kunna wa jama'a shekara guda kafin nan, ba tare da ya tambaye su ba. Babba a cikinsu ita ce TCP Chimney, wadda ke ɗauke aikin TCP daga kan furosesa ta ɗora wa katin netwok, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin sadarwa. Wannan shekara guda ta jiƙa wa masu kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, aiki sosai, kuma duk mai shirin sayen kati domin saba ko rawuta yana da abin ɗauka a labarin, don har gobe masu sayar da kati suna jera ayyukan da katinsu zai ɗauke maka a matsayin abin talla.

Tsoron da ya haifar da dabarar

TCP ita ce ƙa'idar da ke tabbatar da cewa abin da ka aika ta intanet ya isa cif, kuma bisa jeri. An tsayar da ƙa'idarta a 1981, kuma tun daga lokacin babbar manhajar kwamfuta ce ke gudanar da ita. Ita ke yanka bayanai zuwa fakitoci, ta ba kowanne lamba, ta yi masa lissafin tantancewa, ta jira shaidar isarsa, ta sake aika wanda ya ɓata a hanya, ta rage gudu idan layi ya cushe. Kowane fakiti yana cin nasa rabon daga lokacin furosesa.

A Ethernet na yau da kullum fakiti ba ya wuce bayit 1,500. Layi mai gudun gigabit ɗaya idan ya cika yana kawo fakiti kusan 81,000 a cikin daƙiƙa guda. A 2002 aka amince da ƙa'idar gigabit 10, wato fakiti sama da 800,000 a daƙiƙa, in kuwa ƙanana ne can ƙasa, kusan miliyan 14.88. Injiniyoyin lokacin suna da wani ƙiyasi da suke yawan maimaitawa, cewa kowane bit ɗaya a daƙiƙa yana buƙatar hertz ɗaya na furosesa. Furosesar saba a wancan zamani tana wajen gigahertz 3, mai kai ɗaya, wato sashen aiki guda ɗaya kacal. Da wannan lissafi, layin gigabit ɗaya zai cinye sulusin ƙarfinta, na gigabit 10 kuwa ya fi ƙarfinta gaba ɗaya, tun ba a zo kan aikin da aka sayi sabar dominsa ba. Tsoron yana da tushe, kuma bai kamata a raina mutanen da suka ji shi ba.

Mafitar da ta zo wa kowa a rai ita ce a ƙera kati mai ƙwaƙwalwar kansa da zai yi aikin TCP ɗungurungum. Ana kiran irinsa TOE, wato TCP Offload Engine, injin ɗauke aikin TCP. Kamfanin Alacritech na cikin waɗanda suka fara, Chelsio da Broadcom suka biyo.

Abin da Microsoft ya ƙera

Tsarin Chimney bai miƙa wa kati komai da komai ba, kuma a takarda dabara ce mai kyau. Windows ce ke ƙulla haɗi, ita ke yanke shawarar wanda za a miƙa. Idan haɗin ya kankama, sai ta tattara duk abin da ta sani game da shi, lambobin jeri, girman tagar karɓa, agogon sake aikawa, ta ɗora wa kati. Daga nan bayanai na bi ta cikin katin kai tsaye zuwa manhajar da ke jira. Idan wani abu ya taso wanda katin bai iya ba, sai ya mayar wa Windows da haɗin.

Tun kafin a fitar da ita aka shiga kotu. Alacritech ya kai ƙarar Microsoft a 2004 kan haƙƙin ƙirƙira, a 2005 kotu ta ba da umarnin wucin gadi da ya tsayar da aikin, a shekarar kuma aka sasanta. A 2006 Chimney ta fito a cikin wani ƙunshi mai suna Scalable Networking Pack, tare da 'yan uwanta biyu: RSS, mai rarraba fakitocin da ke shigowa a kan furosesa fiye da ɗaya, da NetDMA, mai taimakawa wajen kwafe bayanai a cikin memori. A wannan mataki wanda yake so ne ke saukewa ya girka.

Sai Maris na 2007, aka fitar da Service Pack 2 (SP2), babban tarin gyare-gyare na Windows Server 2003. An cusa ƙunshin a ciki, kuma a kunne.

A nan ne, a ganina, aka yi babban kuskuren. Kowa na girka Service Pack saboda gyare-gyaren tsaro. Mai kula da sabar asibiti ko ta banki bai zauna ya ce yana son a sauya wanda ke riƙe da haɗin TCP ɗinsa ba. Kuma katunan da ke iya wannan aiki sun riga sun cika ko'ina, don Broadcom NetXtreme II yana zuwa a manne a jikin allon sabobi masu farin jini irin su Dell PowerEdge 1950 da 2950, da wasu daga cikin HP ProLiant. A sabobin Dell ɗin akwai wani ɗan mabuɗin roba da ake sokawa a allon uwa, shi ke buɗe TOE. Da yawa sun sayi saba da shi a ciki ba su ma san yana nan ba. Ranar da suka girka SP2, katin da ya daɗe yana aikin miƙa fakiti kawai ya wayi gari shi ke riƙe da haɗi, da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, wanda watakila ba a sabunta shi ba tun ranar da aka kunna sabar.

Shekarar wahala

Jerin alamomin da Microsoft da kansa ya lissafa daga baya ya isa ya nuna girman abin. Mutum ya kasa shiga sabarsa daga nesa ta RDP. Kwamfuta ta kasa shiga rukunin ofis. Manyan fayilolin da aka raba su ƙi buɗuwa. Outlook, manhajar imel, ya kasa samun Exchange, sabar wasiƙu. VPN ya ƙi ƙulluwa. Waɗanda ke bayan NAT, wato kwamfutoci da yawa masu fita intanet da adireshi ɗaya, haɗinsu ya riƙa tsinkewa jefi-jefi. Netwok ya yi nauyi ba dalili. Masu SQL Server kuma suka riƙa ganin saƙon cewa ɗaya ɓangaren ya datse haɗin da ƙarfi, alhali ba wanda ya datse komai.

Matsalar Exchange 2003 ta fi ban tausayi. Windows mai bit 32 tana da wani ɗan yanki na memori da ba a taɓa kwashe shi zuwa faifai, wanda direbobi ke aiki da shi. Girmansa ba ya wuce megabayit 256, kuma idan an kunna saitin /3GB, wanda shi ne shawarar da ake ba masu Exchange, sai ya koma wajen 128. Sababbin fasahohin da direbobinsu suna ci daga wannan ɗan yanki, ga kuma haɗin Outlook da suka mutu ba a share su. Sannu a hankali yankin ya cika, sabar wasiƙu ta daina amsawa. A sake kunna ta, ta dawo garau, bayan wani lokaci ta koma gidan jiya.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba Chimney kaɗai ke da laifi ba. Wasu matsalolin daga RSS suke, musamman inda ake NAT ko ISA Server, katangar tsaron Microsoft, wasu kuma daga tsofaffin direbobin masu ƙera kati. Amma abin da ya sa Chimney ta fi kowa shan zagi shi ne ta makantar da mai gyara.

Ka ɗauki mai kula da saba da aka kira shi don manhajar albashi tana tsinkewa. Abu na farko da zai yi shi ne ya kunna Wireshark ko Network Monitor, manhajojin kama fakiti, a kan sabar ya kalli abin da ke wucewa. Zai ga fakitoci uku na gaisuwar farko, haɗi ya ƙullu lafiya, watakila da 'yan kaɗan a bayansu. Daga nan shiru. Manhajar na ta aika bayanai, mai amfani na ta karɓa, amma allonsa wayam, domin zirga-zirgar ta koma cikin kati, ba ta biyowa ta inda manhajar kama fakitin ke tsaye. Sai wanda ya san sirrin ne zai buga `netstat -t`, ya duba ƙarshen kowane layi, ya ga wasu haɗin an rubuta musu InHost, wasu Offloaded, ya gane inda aka kwana. Wanda bai sani ba zai canza waya, ya canza ramin suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa, ya zargi masu manhajar, su kuma su zarge shi. In yana son ganin gaskiya dole ya je kan suwic ya kwafi zirga-zirgar daga can da wata kwamfuta daban. Maganin da ya yi ta yawo daga baki zuwa baki layi ɗaya ne, `netsh int ip set chimney DISABLED`, wasu kuma suka buɗe saba suka zare ɗan mabuɗin nan suka huta.

To me aka samu a madadin wannan wahala? Kaɗan ne. Katunan gigabit ɗaya na Broadcom suna iya riƙe haɗi wajen dubu ne kawai a lokaci guda, sauran su koma wa Windows. Miƙa haɗi da karɓo shi ma aiki ne, don haka sabar yanar gizo mai dubban gajerun haɗi ba ta cin ribar komai. Idan an kunna katangar tsaro ta Windows ko IPsec, tsarin kare bayanai a kan hanya, ba a miƙa haɗin ma sam, tunda katin ba zai iya bin dokokinsu ba. Wanda zai amfana shi ne mai 'yan haɗi kaɗan masu daɗewa da ɗaukar kaya mai nauyi, kamar sabar ajiya. Ga kuma abin da ya sauya a ƙasa: kafin 2007 furosesa mai kai biyu da mai kai huɗu sun shigo kasuwa, layin gigabit ɗaya ya daina zama barazana. Ga yawancin mutane kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Waɗanda suka ƙi tun farko

A 2005 Chelsio ya kai wa masu haɓaka Linux gyaran da zai ba TOE gurbi a cikin ƙwayar manhajar. David Miller, mai kula da ɓangaren netwok, da abokan aikinsa suka ƙi karɓa, kuma ba su canza ra'ayi ba. Hujjojinsu sun yi kama da hasashen abin da zai faru da Windows bayan shekara biyu. TCP da ke cikin kati ba ta bi ta katangar tsaro ta netfilter, ba ta bin tsarin rabon gudu. Halinta a kan layi ya bambanta da na Linux, kuma kowane kamfani da nasa. Memorin kati ƙarami ne, mai kai hari zai iya cika shi. Idan aka gano rami a tsaro, sai an jira kamfanin kati ya fitar da gyara, in har bai daina kula da samfurin ba. Sannan, a cewarsu, mafita ce ta ɗan lokaci, furosesa za ta kamo ta wuce.

Hujjar da ta fi kama ni ita ce ta canji. TCP ba ta tsaya inda aka bar ta a 1981 ba. A 2006 Linux ta koma amfani da CUBIC wajen sarrafa cunkoso, a 2016 Google ya fito da BBR. Windows Server 2016 ma ya zo da sababbin dabarun gano fakitin da ya ɓata da saurin buɗe haɗi. A Yuni 2019 wani injiniyan Netflix ya bayyana ramin da aka sa wa suna SACK Panic, wanda ke ba mutum damar kayar da sabar Linux daga nesa da 'yan fakitoci, aka toshe shi da sabunta manhaja. Duk waɗannan suna isa ga sabar da TCP ɗinta ke cikin manhaja. Wadda TCP ɗinta ke cikin kati tana nan da ilimin shekarar da aka ƙera katin.

Aikin da ya dace da kati

Ƙin TOE bai sa Linux ta bar kati ya zauna haka nan ba. Abin da aka bambance shi ne aikin da ke buƙatar tuna baya da wanda ba ya buƙata. Kamar mai shago ne da ɗan dako: za ka ba shi buhu ya kai mota, ya dawo ka ba shi wani, amma littafin bashi yana hannunka.

Lissafin tantancewa aiki ne na fakiti ɗaya, an gama an manta, kati na yinsa ba tare da ya san komai game da haɗin ba. Yanka ma haka. A dabarar TSO, babbar manhaja na miƙa wa kati dunƙulen bayanai har kilobayit 64 da samfurin kan fakiti ɗaya, katin ya yanka shi gida wajen 45, ya manna wa kowanne kai. Aikin da za a yi sau 45 an yi shi sau ɗaya, amma shawarar yaushe za a aika, nawa za a aika, me za a sake aikawa, duk tana hannun manhaja. RSS kuwa, duk da tuntuɓen da ta yi a 2007, ita ce ta fi amfani a cikin ukun: katin na duba adireshi da lambar ƙofa na kowane fakiti, ya jefa shi a layin wani kai na furosesa, ta yadda haɗi ɗaya kullum wuri ɗaya yake sauka, nauyi kuma ya rarrabu. A ɓangaren karɓa, Herbert Xu ya kawo GRO cikin Linux a 2009, mai haɗa fakitocin da ke bin juna su zama dunƙule ɗaya kafin su hau sama. Waɗannan tare suka kwashe mafi yawan nauyin da aka ƙera TOE dominsa, kuma mai gyara na ci gaba da ganin zirga-zirgarsa.

Microsoft ya ja da baya a hankali. A Windows Server 2008 Chimney ta zo a kashe. A 2008 R2 aka sa ta a wani yanayi na kai-da-kai mai sharuɗɗa uku: sai layin gigabit 10 ne, sai zuwa da dawowar fakiti bai kai milisakan 20 ba, sai haɗin ya riga ya ɗauki kilobayit 130. Waɗannan sharuɗɗa su ne ainihin iyakar inda take da amfani, kuma da su ya kamata a fara. A Server 2012 ta koma a kashe, NetDMA aka cire ta, a 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya daina haɓaka Chimney. RSS na nan a kunne har yau.

Kada a ɗauka ɗora wa kati nauyi ya mutu. Tun 2003 Jeffrey Mogul na HP Labs ya gabatar da wata muƙala inda ya ce TOE don amfanin gama-gari ba dabara ba ce, amma za ta iya samun gurbi a inda ake son bayanai su sauka kai tsaye cikin memorin wata kwamfuta, kamar hanyoyin ajiya. Haka kuwa aka yi. RDMA, fasahar da ke yin hakan, ta samu gindin zama a cibiyoyin bayanai, Windows Server 2012 ya zo da SMB Direct, hanyar raba fayiloli, a kanta, FreeBSD kuma na tallafa wa TOE na katunan Chelsio ga mai so. Amazon ya sayi Annapurna Labs a 2015 ya gina Nitro, inda katuna ke ɗauke aikin netwok da ajiya na kwamfutocin haya. Netflix na amfani da katunan da ke ɓoye bayanan TLS yayin aikawa, TCP kuma tana cikin manhaja. Abin lura shi ne su wane ne ke yin haka: kamfanonin da ke da injiniyoyin da za su auna, su gyara, wasu ma su ke ƙera katin da manhajar da ke kansa. Sun san nauyin da suke son saukewa, sun auna shi kafin su sauke.

Ga mai sayen kati yau

Abin da zan fara tambaya game da kati shi ne direbansa. Yana cikin babbar manhajar da zan yi aiki da ita, ko sai na je na nemo? Ana sabunta shi? Wannan ne ya sa katunan Intel irin su i350 da i210 suka yi suna wurin masu haɗa rawuta da ƙananan sabobi, ko da yake jabun i350 sun yi yawa a kasuwa, mai sayen na hannu sai ya buɗe ido. Bayan direba sai yawan layukan RSS, su yi daidai da kawunan furosesa gwargwadon hali, sai ramin PCIe, inda ake soka katin a allon uwa, da zai ɗauki gudunsa. Dogon jerin ayyukan da aka buga a kwali shi ne na ƙarshe, kuma ba zan biya ƙarin kuɗi dominsa ba sai na auna na ga furosesa ta cika da aikin netwok, ba da wani abu daban ba.

Ko ayyukan da ba sa tuna baya suna da inda ba su dace ba. Kwamfutar da ke miƙa fakitin wasu, wato rawuta ko katangar tsaro, ba ta son LRO, wato haɗa fakitocin da ke shigowa su zama dunƙule ɗaya mai kama da GRO, domin yana narkar da fakitoci ta yadda ba za a iya mayar da su yadda suka zo ba. Shi ya sa pfSense, manhajar rawuta da katangar tsaro, ke zuwa da LRO da TSO a kashe. Wasu katunan Intel na jikin allo masu direban e1000e, kamar I219, an san su da sanƙarewa idan TSO na kunne kuma kaya ya yi nauyi, abin da masu manhajar saba ta Proxmox suka sha gani da saƙon Detected Hardware Unit Hang. Kuma idan ka kama fakitoci a kan sabar da ke aikawa ka ga Wireshark na cewa lissafin tantancewarsu ba daidai ba ne, ko ka ga fakiti mai bayit dubu talatin, ba lalacewa ba ce, an kama su ne kafin kati ya yi nasa aikin.

A Linux, `ethtool -k` da sunan katin zai jero maka duk abin da aka ɗora masa, kowanne da on ko off a gabansa. `ethtool -K` da babban harafi shi ke kunnawa da kashewa, misali `ethtool -K eth0 tso off`. A Windows suna cikin saitunan katin, ko ta PowerShell da `Get-NetAdapterAdvancedProperty`. Idan netwok ya fara halin da ba ka gane ba, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, kana gwada gudu da iperf3 kana kallon nauyin furosesa a kowane mataki, ka rubuta abin da ka gani. Saitin ethtool ba ya tsira idan an sake kunna kwamfuta, don haka wanda ka tabbatar shi ne mai laifi sai ka sa umarnin kashe shi a fayil ɗin saitin netwok, tare da ɗan bayanin dalili da kwanan wata domin wanda zai gaje ka.